Kasuwar Dashe a Ƙasar Turawa

Kowa ya karanta labarin ƙasa ya san Ingila ƙasar ma'aikatu ce da jiragen ruwa da manyan kantuna. Amma akwai wata 'yar kasuwa tasu wadda littattafan makaranta ba su cika ambatonta ba, ga ta kuwa da abin koyo. Sau ɗaya ta ke ci a shekara, a wani wuri ma awa biyu ko uku kaɗai ta ke yi ta watse. Ba a kasa kome a cikinta sai dashe, watau ƙananan tsire-tsire cikin tukwane, na furanni da na kayan miya da 'yan itatuwa. Masu sayarwa ba 'yan kasuwa ba ne, mutanen gari ne kawai, kuɗin da aka samu kuwa ba aljihunsu ya ke shiga ba. Makaranta za a kai wa, ko asibiti, ko wata ƙungiyar unguwa. Irin wannan kasuwa tana ci a Amurka ma.

Wanda ya sayi dashe a nan ya ci riba biyu. Ya sami abin dasawa da araha, kuɗinsa kuma ya tsaya cikin garinsu yana aiki. Amma fa ribar ba ta tabbata sai ga wanda ya san lokaci, ya kuma san abin da zai duba kafin ya biya, gama tukunya takan ɗauko abin da ba a saya ba. Wannan shi ne abin da na ke so in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai.

Dalilin da ya sa sai wajen watan Mayu

Shekarar Turawa kashi huɗu ce. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu ne mai tsanani, yawancin itatuwa sun kaɗe, lambu kamar an share. Daga Maris zuwa Mayu sai lokacin da su ke kira spring. Masu fassara sukan ce bazara, don watannin sun zo daidai da namu, amma kada kalmar ta ruɗe mu. Bazararmu zafi ce da ƙura da ƙishirwa. Tasu kuwa lokaci ne da sanyi ke sassautawa, ƙasa ta saki, itatuwa su tofo. A wurin mai lambu ta fi kama da farkon damina. Mu ruwa mu ke jira kafin mu yi shuka. Su ruwa ba ya yanke musu, ɗumi su ke jira, da haske. A birnin London, gajeriyar ranar Disamba ba ta cika awa 8 daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, a watan Yuni kuwa yini yakan wuce awa 16.

Babban abin tsoron mai lambu a can shi ne daren da sanyi zai kai ruwa ya daskare, watau ma'aunin zafi ya sauka zuwa 0 ko ƙasa da haka. Sanyin Jos na watan Janairu yakan sa haƙora kaɗawa, amma ba ya daskarar da ruwan randa. Nasu yana yi. Jikin tsiro cike ya ke da ruwa, cikin waɗansu 'yan ɗakuna ƙanana da ido ba ya iya gani. In ruwan nan ya zama ƙanƙara sai ya kumbura ya yayyaga 'yan ɗakunan, kamar yadda kwalbar da aka cika maƙil ta ke fashewa in ruwan cikinta ya daskare. Da safe sai a tarar ganye ya yi baƙi ya langaɓe kamar an kwara masa tafasasshen ruwa. Tumatir da barkono da kabewa da masara, dukansu asalinsu daga wurare masu ɗumi ne na nahiyar Amurka, dare ɗaya irin wannan ya isa ya kashe su. Kabeji da albasa kuwa suna jurewa.

Irin wannan dare yakan faɗo a Ingila har cikin watan Mayu, a arewa wajen tuddan Sikotlan kuwa har farkon Yuni. In mutum ya ce sai sanyi ya wuce sarai zai shuka tumatir, to, kwanakin ɗumi ba za su ishe shi ya nuna ba kafin wani sanyin ya dawo. Saboda haka sai su yi dabara. Su kan yafa iri cikin 'yan akwatuna a bakin taga, ko cikin ɗakin gilashi, mako 6 zuwa 8 kafin lokacin dasawa. Wannan ba baƙon abu ba ne ga mai noman rani, wanda ya saba yafin albasa ko na tumatir kafin ya dasa a fadama. Amma ba kowa ke da taga mai haske ko ɗakin gilashi ba, ba kowa kuma ke da haƙurin reno ba. Nan ne kasuwar dashe ta samo masu saye, shi ya sa kuma ta ke ci daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Mayu, daidai lokacin da kowa ke neman abin dasawa.

Inda dashen ke fitowa

Hanya uku ce. Ta fari ita ce iri. A misali, mutum ya sayi ƙunshin irin tumatir mai ƙwaya 30, lambunsa kuwa gindi 6 kaɗai zai ɗauka. Sauran da suka tsiro fa? Ba ya son zubarwa, sai ya sa su cikin tukwane ya ba ƙungiya. Ta biyu ita ce raba gindi. Akwai furannin da hunturu ba ya kashewa, ganyen ne kawai ke bushewa, saiwar tana nan da rai a ƙasa, ta sake tofowa kowace shekara. Bayan shekara 3 zuwa 5 gindin yakan cunkushe, tsakiyarsa ta mutu, fure ya ragu. Maganinsa a tone shi a raba kashi-kashi, kamar yadda mu ke cire 'ya'yan ayaba daga gindin uwa. Mai lambu ya mai da kashi ɗaya ko biyu, sauran su tafi kasuwa. Ta uku ita ce yankan reshe a kafa, kamar yadda a ke yi da rogo da rake.

Kun ga ke nan dalilin araharsa. Dashen nan rarar lambu ne. Ba a biya lebura ba, ba a biya hayar rumfa ba, gama a filin makaranta a ke yi, ko zauren taron ƙauye, ko harabar coci. Tukwanen ma tsofaffi ne aka wanke. Masu renon da masu kasawa da masu karɓar kuɗi duk aikin sa kai su ke yi. Don haka kusan duk abin da ya shiga akwati riba ne.

Ban da araha akwai wani amfani da ya fi ta. Ƙasar Ingila ba iri ɗaya ba ce. Wani wuri alli ne a ƙarƙashi, wani wuri yumɓu mai riƙe ruwa, wani wuri rairayi. Akwai furannin da ba su yi a ƙasar alli ko kaɗan, kome kuɗin da aka saye su. Dashen manyan kantuna sau da yawa daga nesa ya ke zuwa, da yawansa daga Holan, an rene shi cikin ɗakin gilashi da taki da ɗumi yadda ya ke so. Wanda aka raba daga lambun maƙwabci kuwa ya riga ya sha hunturun garin, ya saba da ƙasar da ruwan da iskar. Ga kuma wanda ya rene shi tsaye a bayan tebur, ana iya tambayarsa, ba kuwa zai yi ƙarya ba, don gobe ma za a haɗu da shi a hanya.

Inda kuɗin ke tafiya

Al'adar tara kuɗin taimako ta hanyar lambu ta daɗe a Ingila. A 1859 wani attajirin Liverpool, William Rathbone, ya ɗauki wata ma'aikaciyar jinya ta riƙa bin gidajen matalauta tana duba marasa lafiya. Abin ya yi amfani ya yaɗu, har a 1887, shekarar da Sarauniya Biktoriya ta cika shekara 50 a kan gadon sarauta, aka kafa wata hukuma ta horar da irin waɗannan ma'aikata. A zamanin nan gwamnati ba ta ɗauki nauyin maganin jama'a duka ba, sai a 1948 ta yi haka, saboda haka kullum hukumar tana cikin neman kuɗi. A 1926 wata mace cikin masu nema mata gudummawa, Elsie Wagg, ta kawo shawara cewa masu kyawawan lambuna su buɗe ƙofa rana guda, duk mai son kallo ya biya sule.

A 1927 aka buɗe lambu 609, har da na Sarki Joji na Biyar a Sandringham. Aka tara fiye da fam 8,000. A wancan lokacin fam ɗaya sule 20 ne, watau in an ƙirga da sule-sule ya haura sule 160,000 ke nan. Wannan shi ne mafarin ƙungiyar da a ke kira National Garden Scheme. Yanzu lambuna wajen 3,500 ke buɗewa a ƙarƙashinta kowace shekara, da yawansu na talakawa ne, 'yan ƙanana a bayan gida. Ban da kuɗin shiga, a kan sayar da shayi da waina irin tasu, a bakin ƙofa kuma ga teburin dashe daga lambun da aka gama kallo. A 2023 kaɗai ƙungiyar ta ba da fiye da fam miliyan 3, yawanci ga ƙungiyoyin jinya, kamar Macmillan da Marie Curie masu kula da masu ciwon daji da waɗanda ciwonsu ya yi nisa. Mutanen Sikotlan sun kafa tasu a 1931.

Mata ma suna da hannu babba a ciki. Ƙungiyar matan karkara da a ke kira Women's Institute, wadda aka fara a Kanada a 1897 ta iso Birtaniya a 1915, ta buɗe kasuwarta ta fari a garin Lewes a 1919, don mutane su sami inda za su sayar da rarar lambunsu. Akwai kuma wata ƙungiya, Plant Heritage, da aka kafa a 1978 saboda wani dalili dabam. An lura cewa in kantuna suka daina sayar da wani tsohon irin fure don an daina yayinsa, bayan 'yan shekaru sai a neme shi a rasa. Sai mutane suka ɗauki alkawari, kowa ya riƙe dangin fure guda ya adana ire-irensa a lambunsa. Irin waɗannan taskoki sun wuce 600. Rassan ƙungiyar sukan yi kasuwar dashe don samun kuɗin aiki, wanda ya saya kuma ya zama ma'aji, gama furen da ke lambu goma ya fi wuyar ɓacewa bisa ga wanda ke lambu ɗaya.

In mun haye teku zuwa Amurka za mu tarar da al'adar da wata kama. A 1973, a jihar Washington, malaman gona na jami'a suka ga tambayoyin masu lambu sun fi ƙarfinsu. Sai suka fara koya wa mutanen gari aikin lambu, da sharaɗin su ma su koya wa jama'a kyauta. Ana kiran waɗannan mutane Master Gardeners, yanzu kuwa akwai su a dukan jihohi 50. Rassansu da yawa da kasuwar dashe su ke samun kuɗin lambunan makarantu da na koyarwa. A birnin St. Paul na jihar Minnesota kuma akwai wata ƙaramar makaranta, Friends School, wadda ta fara sayar da dashe a 1989. Kasuwar ta girma har ta koma babban filin baje kolin jihar, tana ci kwana uku cikin watan Mayu, da ire-iren tsire-tsire fiye da 2,000. Ribar tana taimakon yaran da iyayensu ba su iya biyan kuɗin makaranta duka.

Waɗansu ƙungiyoyin Amurka kuwa ba su sayar da kome sai tsire-tsiren da asalinsu na ƙasar ne, don ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi su sami abinci. Akwai wani malam-buɗe-littafi da su ke kira monarch, wanda tsutsarsa ba ta cin ganyen kome sai na wani tsiro mai farin ƙaro, ɗan'uwan tumfafiya. In tsiron ya ɓace daga gari, shi ma ya ɓace.

Abin da mai saye ke dubawa

Tun kafin ya bar gida, mai hankali yakan zaga lambunsa ya ga ina ne ke da fili, ina rana ke bugawa, ina ne inuwa, ina ruwa ke kwanciya. Wanda bai yi haka ba yakan komo da tukwane ashirin ya rasa inda zai sa biyar. Sai ya ɗauki kwali ko kwando ya tafi da wuri, gama kaya masu kyau sukan ƙare tun da hantsi. A kasuwar nan ba a tayi, ba a albarka. Kuɗin kowace tukunya a rubuce ya ke, wanda ya nemi ragi kuwa, marasa lafiya ko 'yan makaranta ya rage wa.

Na fari, suna. Kowace tukunya ya kamata a ce tana da 'yar alama da aka rubuta sunan tsiron. Sunan gari yakan bambanta daga wuri zuwa wuri, shi ya sa masu lambu ke amfani da sunan Latin mai kalma biyu, bisa ga tsarin da wani masani mutumin Suwidin, Linnaeus, ya kafa a 1753. Dashen da ba shi da suna caca ne. Ba a san ko zai tsaya iya gwiwa ba, ko zai rufe taga.

Na biyu, jiki. Ido yakan tafi ga wanda ya fi tsawo ko wanda ya riga ya yi fure, amma ba shi ne na ƙwarai ba. Dogon dashe siriri mai kodaɗɗen ganye, haske ya rasa, ya miƙe yana nema, iska kaɗan za ta kwantar da shi. Gajere mai kauri, mai koren ganye kusa da kusa, shi ne abin ɗauka. Wanda ya cika da fure kuwa ya sa ƙarfinsa ga furen, alhali abin da a ke bukata a makonnin fari shi ne ya kafa saiwa.

Na uku, bayan ganye. Nan ƙwari ke ɓuya su yi ƙwai. A juya ganye biyu ko uku a duba, a duba kan toho kuma. Ganye mai ɗigo-ɗigo, ko mai danƙo, ko wanda ya nannaɗe, a bar shi.

Na huɗu, saiwa, ita ce kuwa gaba da duka. Da iznin mai kaya ana iya kife tukunyar a tafin hannu a zare ta a hankali. In an ga farar saiwa ta riƙe ƙasar ba ta warwatse ba, to, madalla. In saiwar ta yi ja ta kanannaɗe kamar gammo, dashen ya daɗe a matse. In kuwa ƙasar ta zube ba a ga saiwa ba, jiya-jiya aka tsiro shi a tukunya, bai kama ba tukuna. In ta yi baƙi tana wari, ruwa ya yi mata yawa ta ruɓe.

Na biyar, tambaya. Rana ya ke so ko inuwa? Yana jure sanyi? Tambayar da ta fi duka kuwa ita ce: yana yaɗuwa?

Baƙin da ke ɓuya cikin tukunya

Dalilin wannan tambaya ta ƙarshe shi ne, tsiron da ya fi saurin cika lambu shi ne mai shi ya fi samun rararsa, don haka shi ya fi yawa a kan tebur. Na'ana'a misali ce. Gindi ɗaya in an sake shi yakan bi ƙarƙashin ƙasa ya mamaye kwami duka, shi ya sa masu lambu ke barinta cikin tukunya. Wannan ƙaramar wahala ce. Akwai manya.

Wani likita Bajamushe, Philipp von Siebold, ya kawo wani tsiro daga Japan zuwa Holan, a 1850 kuma aka aika da shi babban lambun Kew na London. Aka yi ta sayar da shi don ado, ana yabonsa da saurin girma. Turawan Ingila na kiransa Japanese knotweed. Ashe ɗan guntun saiwarsa ya isa ya zama sabon kurmi. Ya bi bakin koguna da hanyoyin jirgin ƙasa, yana kutsawa cikin tsagar daɓe da ta bango, har a 1981 aka yi doka ta hana dasa shi a daji. Mu ma mun ɗanɗana irin wannan. Ciyawar ruwan nan mai shuɗin fure, mai yawo bisa ruwa kamar kainuwa, wadda a ke kira water hyacinth, daga Amurka ta Kudu ta fito, don ado kuma aka yi ta kai ta ƙasa-ƙasa. A 1984 ta bayyana a ruwayen Legas, tana toshe hanyar kwalekwale tana hana masunta jefa taru. A 2016 Tarayyar Turai ta hana sayar da ita.

Waɗansu baƙin kuma cikin ƙasar tukunyar su ke. A 1963 aka fara ganin wata tsutsa mai faɗi a Belfast, wadda asalinta daga New Zealand ne. Abincinta tana, tana kuwa ita ce ke huda ƙasa ta sa iska da ruwa su shiga. Tsutsar takan kwanta a ƙarƙashin tukwane, da haka ta bi dashe ta yaɗu cikin Ailan da Sikotlan. A Amurka kuma wata irin tana ce daga Asiya ta dame su, mai tsalle kamar maciji in an taɓa ta, wadda ke mai da ƙasar sama ta zama tsaki-tsaki, ruwa ya kwashe. An gan ta a jihar Wisconsin a 2013. Ƙwanta ƙanana ne ƙwarai, kalar ƙasa, ba a lura da su. Saboda ita ƙungiyoyi da yawa suka sake tsari. Waɗansu sukan wanke saiwar dashe tas su sake sa shi cikin sabuwar ƙasa, waɗansu kuwa suka daina karɓar abin da aka tono daga lambu, sai wanda aka rena daga iri.

Kada a ɗauka laifin ƙananan kasuwanni ne kaɗai. Cutar da ke kashe itacen ash a Ingila, a 2012 aka fara gane ta, a wani gandun renon itatuwa na 'yan kasuwa a lardin Buckinghamshire, cikin kayan da aka kawo daga Holan. Bambancin shi ne, 'yan kasuwa akwai ma'aikatan gwamnati masu duba su. Teburin ƙauye kuwa, yawanci ba mai duba shi sai idon mai bayarwa da na mai saye. Amana ce tsakaninsu.

Bayan an kai gida

Sauri ya haifi nawa. Dashen da ya tashi cikin ɗaki ganyensa taushi gare shi, bai san iska ba, bai san zafin rana kai tsaye ba. In an dasa shi a fili ran da aka saya, sai ya ƙone ko ya tsaya cik. Sai a riƙa fitar da shi da rana a wuri mai kariya, a mai da shi ɗaki da dare, kowace rana a ƙara masa lokaci, har mako ɗaya ko biyu. Cikin kwanakin nan a ware shi daga sauran tsire-tsire, in akwai cuta ko ƙwaro za su nuna kansu.

Ranar dasawa a zaɓi yamma ko ranar da gari ya lumshe. A shayar da tukunyar tukuna, a haƙa rami da ya fi ta faɗi, a sa dashen daidai zurfin da ya ke a tukunya. Tumatir kuwa yana son a binne shi fiye da haka, don karansa yakan fid da sabuwar saiwa. A danna ƙasar, a ba shi ruwa sosai, a ci gaba da bayarwa har ya kama. In an ji labarin daren sanyi na tafe, a lulluɓe shi da tsumma ko takarda. Bayan shekara uku ko huɗu, furen da aka saya zai cika wurinsa, mai shi ya raba shi ya kai kasuwar da ya samo shi. Da haka tukunya ɗaya ta ke biyan kuɗi sau da yawa.

Abin da malami zai ɗauka

Ba mu da ƙanƙara, amma muna da abin da ya yi kama da ita wajen yaudara. Rana mai ɗumi a watan Afrilu takan ruɗi Bature ya dasa tumatir, kamar yadda ruwan fari ke ruɗin manominmu ya yi shuka, sa'an nan fari ya biyo baya. Makarantar da ke da lambu da rijiya tana iya renon gwanda da mangwaro da zogale da tumatir tun da rani, ta kasa su in damina ta zauna. Yaran za su koyi kimiyya wajen reno, su koyi lissafi wajen ciniki, su koyi rubutu wajen alamun tukwane.

Amma abu biyu ne ke riƙe da kasuwar nan, in babu su ba ta kai baɗi. Na ɗaya, a faɗi gaskiya game da kowace tukunya, a kuma hana marar lafiya hawa tebur ko da zai kawo kuɗi. Na biyu, a rubuta abin da aka samu da abin da aka yi da shi, a karanta a gaban iyaye. Mutanen Ingila sun yi kusan shekara ɗari suna biyan kuɗin shiga lambun maƙwabtansu don sun san inda kuɗin ke zuwa. Malamin da ya koya wa yara wannan, ya dasa abin da zai fi mangwaro daɗewa. Allah ya ba mu damina mai albarka.